Darasi na 9: Zama Notari a Amurka da Cika Sharuɗɗan Jiha

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana so mai koyo ya iya:

1. bayyana aikin notari a Amurka, da abin da ba aikinsa ba ne;
2. bambanta shi da notarin Najeriya da na Nijar;
3. jera matakan samun takardar naɗi a jihar da yake zaune;
4. faɗin wanda takardar lamuni take karewa;
5. gane lokacin da ya wajaba ya ƙi buga hatimi, ko da wanda ya zo masa babba ne a gare shi.

1. Mene ne aikin notari?

Takarda ba ta da baki. Idan aka kai wa banki takarda mai cewa wane ya sayar da gidansa, ko ya wakilta ƙanensa ya riƙa ciro masa kuɗi, bankin ba shi da hanyar sanin ko da gaske wanen ne ya sa hannu. Mai yiwuwa wani ne ya kwaikwayi hannunsa. Mai yiwuwa shi ɗin ne, amma tilasta masa aka yi, ko kuwa ciwo ya ci ƙarfinsa har bai san abin da yake yi ba. Don a toshe wannan ƙofa ne jihohin Amurka suke naɗa mutanen da za su tsaya a matsayin shaida marar ɓangare. Su ake kira notari, kuma yawansu a ƙasar ya haura miliyan 4.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, tana magana ne a kan rubuta bashi, da marubuci mai adalci, da kafa shaidu. A garuruwanmu ma ba a cinikin gona ko gida sai da shaidu, sau da yawa a gaban mai unguwa ko dagaci. Abin da Amurka ta yi shi ne ta mayar da shaidar aikin hukuma, mai takardar naɗi da hatimi da hukunci ga wanda ya ci amana.

> Notari: mutumin da gwamnatin jiha ta naɗa don ya shaida cewa wane ne ya sa hannu a takarda, da kuma rantsar da mutane.
>
> Takardar naɗi: takardar da jiha take ba notari, mai ɗauke da sunansa da ranar da ikonsa zai ƙare.

Abubuwa uku notari yake dubawa. Na farko, mutumin da ke gabansa shi ne wanda sunansa yake a takarda. Na biyu, da son ransa yake sa hannu. Na uku, yana cikin hayyacinsa, ya san irin takardar da ke gabansa.

A lura da abin da babu a cikin ukun nan: gaskiyar abin da aka rubuta. A nan mutane da yawa suke ɓata. Hatimin notari ba ya mayar da ƙarya gaskiya, kuma ba ya halatta yarjejeniyar da doka ta hana. Idan mutum ya rantse a takarda cewa motar da yake sayarwa ba ta taɓa haɗari ba, alhali ta yi, laifin rantsuwar ƙarya a wuyansa yake. Notari ya shaida ne kawai cewa mutumin nan ya zo, an gane shi, ya kuma rantse.

2. Ba irin na gida ba ne

Wanda ya taso a Najeriya ya san ba kowa ke zama notari ba. Sai lauya, lauyan ma wanda ya daɗe yana aiki. Babban Jojin Najeriya ne yake naɗa shi, a shigar da sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. Dokar da ake aiki da ita yanzu ta 2023 ce, wadda ta maye gurbin ta zamanin mulkin Turawa, ta 1936. Talaka ma bai cika zuwa wurinsa ba, domin takardar shaidar shekaru ko ta ɓacewar kati a kotu ake yin ta, gaban kwamishinan rantsuwa. A Nijar kuwa, da sauran ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, notari masanin shari'a ne mai ofishin kansa. Shi yake tsara takardun cinikin fili da na kafa kamfani, kuma abin da ya rubuta yana da ƙarfi sosai a gaban alƙali.

Na Amurka bai kai nan ba, kusa ma bai yi ba. Ma'aikaciyar banki tana iya zama notari, haka sakataren makaranta, haka mai shagon aika kaya, haka direban tasi. Ba a neman digiri. Saboda haka ikonsa kaɗan ne: idan ba lauya ba ne, ba ya tsara wa mutane takardun shari'a, ba ya ba da shawarar shari'a, ba ya ma zaɓar wa mutum irin takardar da ta dace da matsalarsa. Wuri biyu ne suka fita daban. Jihar Luwiziyana ta gaji tsarin Faransa, notarinta yana rubuta takardu, jarrabawarsa tana da wuya, naɗinsa kuma na tsawon rayuwarsa ne. A tsibirin Puerto Rico kuwa sai lauya.

Wannan bambanci ya jawo wa baƙi asara mai yawa. Mutum ya zo daga ƙasar da notari yake babban masanin doka, ya ga allo a ƙofar shago, ya shiga ya miƙa takardunsa na neman izinin zama da kuɗin guminsa, ga wanda bai san komai a dokar shige da fice ba. An fi yin wannan cuta ga masu jin Sifaniyanci, shi ya sa jihohi irin su Kalifoniya da Teksas suka hana notari ya fassara sunan muƙaminsa kai tsaye zuwa wannan harshe a talla. Amma ɗan Maraɗi ko ɗan Damagaram da ya saba da tsarin Faransa yana iya faɗawa wannan rami shi ma. Duk wanda ya zama notari a cikin jama'armu, haƙƙi ne a kansa ya faɗa wa mutane tun farko: ni ba lauya ba ne.

3. Jiha ce mai iko

Babu notarin Amurka gaba ɗaya. Akwai na Niyok, akwai na Teksas, akwai na Filorida, kowace jiha da dokarta. A yawancin jihohi ofishin Sakataren Jiha ne yake kula da lamarin, kuma kada a rikita shi da sakataren harkokin waje na tarayya da ake jin sunansa a rediyo, domin da Ingilishi sunan muƙamin nasu ɗaya ne. A Filorida gwamna ne yake naɗawa. Tsawon naɗin ma ya bambanta: shekara 4 a Kalifoniya da Niyok da Teksas da Filorida, shekara 5 a Karolina ta Arewa, shekara 10 a Karolina ta Kudu.

Ikon notari yana tsayawa a iyakar jiharsa. Notarin Niyok yana iya aiki ko'ina a cikin jihar Niyok, kuma takardar da ya buga wa hatimi ana karɓarta a sauran jihohi. Amma idan ya ƙetare kogi ya shiga jihar da ke maƙwabtaka da ita, ya zama kamar kowa, sai in yana da naɗin can ɗin ma.

Tarihi ya ajiye misali a kan wannan. A ranar 2 ga Agusta, 1923, shugaban Amurka Warren Harding ya rasu. Mataimakinsa, Calvin Coolidge, yana hutu a gidan mahaifinsa a wani ƙauye na jihar Vermont. Mahaifin notari ne, shi ya rantsar da ɗansa a matsayin shugaban ƙasa cikin dare, da hasken fitilar kananzir. Bayan 'yan makonni aka sake rantsar da shi gaban wani alƙali a Washington, domin an yi shakkar ko ikon da jiha ta ba mutum ya kai ga rantsar da shugaban tarayya.

Saboda haka abu na farko da mai son wannan aiki zai yi shi ne ya nemi littafin jagora na jiharsa, wanda yawanci ana samunsa kyauta a shafin intanet na hukumar. Kada ya dogara da abin da abokinsa na wata jiha ya gaya masa. Alƙaluman da ke cikin wannan darasi ma majalisun jihohi sukan canza su, don haka a duba na shekarar da ake ciki kafin a biya ko sisi.

4. Wa ya cancanta?

Sharuɗɗan da kusan duk jihohi suka haɗu a kai kaɗan ne: mutum ya kai shekara 18, yana zaune a jihar, ko a wasu jihohin yana aiki a cikinta, yana iya karatu da rubutu da Ingilishi, ba a taɓa kama shi da babban laifi ko laifin zamba ba. A kan wannan na ƙarshe, ɓoye tsohon laifi a takardar neman aiki ya fi laifin kansa illa, domin ana bincike, kuma ƙarya kaɗai ta isa a hana mutum.

Tambayar da baƙi suka fi yi ita ce: sai na zama ɗan ƙasa? Kotun Ƙolin Amurka ta amsa wannan a 1984. Wani ɗan asalin Mekziko mai suna Efrem Bernal, mai izinin zama na dindindin, yana aikin taimaka wa lauyoyin da ke kare ma'aikatan gona, ya nemi zama notari a Teksas, aka hana shi don ba ɗan ƙasa ba ne. Ya kai ƙara. Kotun ta ba shi gaskiya, Mai shari'a Thurgood Marshall ne ya rubuta hukuncin, inda aka ce aikin notari ba na tsara manufofin gwamnati ba ne da za a keɓe shi ga 'yan ƙasa. Tun daga nan mai izinin zama na dindindin yana da damar nema.

5. Matakai

Mu ɗauki Kalifoniya, domin tana cikin jihohin da suka fi tsanantawa. Wanda ya fahimci tsarinta zai ga na sauran da sauƙi.

Mai nema zai fara da kwas na awa 6 a wurin da Sakataren Jiha ya amince da shi. Sai ya zauna jarrabawa a rubuce, ya biya dala 40, kuma sai ya ci maki 70 kafin a ce ya haye. Daga nan a ɗauki hoton yatsunsa a binciki tarihinsa. Idan komai ya yi daidai, takardar naɗi za ta zo masa. Nan ne wasu suke sakin jiki, alhali saura mataki mafi haɗari: dole ne ya sayi takardar lamuni ta dala 15,000, ya kai ta tare da rantsuwar kama aiki ofishin magatakardan gundumarsa cikin kwana 30 daga ranar da naɗin ya fara. Kwanakin nan har da Asabar da Lahadi ake ƙirgawa, kuma ba a ƙara ko yini ɗaya. Wanda ya makara, naɗinsa ya ɓaci. Bayan duk wannan ne zai fara aiki da hatiminsa da littafin rajista.

*Misali na 1.* Mu ƙaddara wata mai koyo, mu kira ta Ladi, naɗinta ya fara ranar 10 ga Maris. Yaushe ne ranarta ta ƙarshe? Maris yana da kwana 31. Daga 10 zuwa 31 kwana 21 ke nan. Saura kwana 9 a cika 30, wato 9 ga Afrilu. Mai hankali ba zai jira wannan rana ba. A makon farko ya kamata Ladi ta gama.

Niyok ta fi sauƙi ta wani ɓangaren. Ba a tilasta kwas, ba a neman lamuni. Akwai jarrabawa ta awa ɗaya mai tambaya 40, kuɗinta dala 15, sai kuɗin neman naɗi dala 60. Lauyoyin jihar ba sa zama jarrabawar. Karolina ta Arewa, inda birnin Greensboro yake da 'yan Nijar masu yawa, tana neman shaidar gama sakandare ko makamanciyarta, da kwas na awa 6 wanda galibi a kwalejojin al'umma ake yi, da cin kashi 80 cikin 100 a jarrabawa, sannan a je ofishin rajistar filaye na gunduma a yi rantsuwa cikin kwana 45. Filorida kwas na awa 3 take nema da lamunin dala 7,500, Teksas kuwa lamunin dala 10,000.

*Misali na 2.* A yawancin jihohi doka ce take yanke iyakar abin da notari zai karɓa. A Niyok dala 2 ce a kan kowane sa hannu a takarda. Wanda ya kashe 15 da 60 ya kashe dala 75. A raba 75 da 2, an sami 37 da rabi. Ke nan sai ya yi aiki sau 38 kafin ya mayar da kuɗin jarrabawa da na naɗi kawai. A Kalifoniya iyakar dala 15 ce. Idan miji da mata suka zo da takarda 3, kowannensu zai sa hannu a kowace, sa hannu 6 ke nan, 6 sau 15 dala 90.

Lissafin nan yana nuna gaskiyar sana'ar. Ba hanyar yin arziki ba ce. Yawancin masu ita ƙari ce a kan aikinsu na yau da kullum: tana ƙara wa ma'aikaci daraja a ofis, tana jawo wa mai shago jama'a. Masu samun abin kirki su ne waɗanda suke bin mutane gida ko asibiti, ko suka ƙware a takardun jinginar gida, kuma waɗannan ma akwai ƙa'idojin da suka hau kansu.

6. Lamuni: wa yake karewa?

> Takardar lamuni: alkawarin da wani kamfani yake ɗauka cewa zai biya wanda notari ya jawo wa asara, har zuwa wani adadi.
>
> Inshorar kuskure: inshorar da notari yake saya don kare kansa idan ya yi kuskure ba da gangan ba. Yawanci ba dole ba ce.

Notari ba ya ajiye dala 15,000 a hannun gwamnati. Ɗan kuɗi kaɗan yake biyan kamfani, kamfanin ya tsaya masa. Sababbin shiga sukan ɗauka sun sayi kariya ke nan. Ba haka ba ne. Jama'a lamunin yake karewa, kuma duk abin da kamfani ya biya zai dawo ya karɓa a hannun notari.

*Misali na 3.* Wani notari a Kalifoniya ya buga hatimi a takardar wakilci ba tare da ya duba katin shaida ba. Ashe ɗan damfara ne, ya je ya kwashe dala 40,000 daga asusun wata tsohuwa. Kamfanin lamuni zai biya ta 15,000, sannan ya bi notarin bashin wannan kuɗi. Sauran 25,000 kuma tsohuwar tana iya kai shi ƙara a kansu. Ban da haka, dokar jihar ta tanadi tara har dala 10,000 ga wanda ya ƙi tabbatar da ko wane ne mai sa hannu, ga kuma ƙwace naɗi. Aikin dala 15 ke nan ya jawo wannan duka.

7. Ayyuka biyu da littafi ɗaya

> Iƙirarin sa hannu: mutum ya tsaya gaban notari ya amsa cewa sa hannun nan nasa ne, da son ransa ya yi. Yana iya kasancewa ya riga ya sa hannun kafin ya zo.
>
> Rantsuwa a kan takarda: mutum ya rantse cewa abin da ke cikin takarda gaskiya ne, ya kuma sa hannu a gaban notari a lokacin.

Na farko aka fi yi a takardun gida da fili da wakilci, na biyu kuma a takardun shaida da za a kai kotu ko wata hukuma. Ba notari ne zai zaɓa ba. Idan takarda ba ta nuna wanda ake so ba, sai mai ita ya tambayi hukumar da ta buƙace ta. Wajen rantsuwa, ba a tilasta wa kowa ya dafa wani littafi. Mutum yana iya rantsewa da Allah, ko ya yi alkawari bisa mutuncinsa, duka biyun nauyinsu ɗaya a doka.

Littafin rajista kuwa shi ne mai ceton notari ranar da aka kira shi kotu bayan shekaru, lokacin da ya manta fuskar mutumin. A ciki yake rubuta rana da lokaci, da irin takardar, da sunan mai sa hannu, da katin da ya nuna, da kuɗin da aka biya. Kalifoniya tana ƙara da dangwalen babban yatsa idan takardar ta mallakar gida ce ko ta wakilci. Niyok ta wajabta ajiye rajista tun Janairun 2023, a kuma adana ta shekara 10. Ko a jihar da ba ta tilasta ba, ina ganin ganganci ne mutum ya yi aiki babu ita. Hatimi da littafi na notari ne shi kaɗai, a kulle suke kwana, ba a ba mai gida a wurin aiki, ba a ba abokin aiki aro.

8. Iya cewa a'a

Wannan sashe ya fi sauran muhimmanci ga mai karatun Hausa, domin jarrabawar gaske ba a ɗakin jarrabawa take ba. Mu mutane ne masu kunya da kara. Babba ya roƙe ka abu, ka ce a'a, abin yana da nauyi a baki. To amma sharaɗin da duk jihohi suka haɗu a kai shi ne mai sa hannu ya bayyana gaban notari da kansa, kuma da yawa daga cikin notarin da suka shiga uku ta wannan ƙofa suka shiga: an kawo musu takarda an ce mai ita yana gida.

*Misali na 4.* Wani dattijo da ake girmamawa a masallacin unguwa ya tare wani saurayi notari bayan sallar Juma'a.

"Ɗana, ga takardar nan ta gida. Hajiya ta riga ta sa hannu, ƙafa ce ta hana ta fitowa. Buga mana kawai, ai ka san mu."

"Allah ya ba ta lafiya, Baba. Wallahi ba shakkar maganarka nake ba. Amma abin da zan rubuta a nan shi ne ta tsaya a gabana, kuma ba ta tsaya ba. Idan ka yarda, bayan la'asar zan zo gida da littafina, in gaishe ta, mu ƙarasa a gabanta."

Saurayin bai ci mutuncin kowa ba, kuma bai yi shaidar zur ba. Ya kamata a kira abin da sunansa: rubuta cewa mutum ya bayyana alhali bai bayyana ba shaidar zur ce, ko da sa hannun na gaske ne. Kuma wa ya sani? Ana iya zuwa gidan a tarar Hajiya ba ta san gidan nata ake shirin sayarwa ba. Sau da yawa wanda ake cuta da irin wannan takarda mace ce, ko tsoho, ko marar lafiya, kuma mai cutar na cikin gida ne. Idan notari ya ga 'yan uwa sun kewaye mai sa hannu suna amsa tambaya a madadinsa, ya roƙe su su ba shi wuri, ya yi magana da mutumin shi kaɗai.

Kiran bidiyo na WhatsApp ba ya zama bayyana. Gaskiya ne akwai aikin notari ta intanet, jihar Bajiniya ce ta fara shi a 2012, yanzu kuma yawancin jihohi sun yarda da shi. Amma wannan sai da rajista ta daban da manhajar da hukuma ta amince da ita, wadda take tantance kati ta kuma adana hoton zaman.

"Ai ka san ni" ma ba ko'ina take aiki ba. Wasu jihohi sun yarda notari ya dogara da sanin da ya yi wa mutum. Kalifoniya ta soke wannan tun 2008: ko maƙwabcinka ne na shekara 20, sai ya nuna kati, ko a kawo shaidun da za su rantse sun san shi. Ga kuma matsalar da ta shafe mu musamman, ta rubutun suna. Fasfo ya ce Mahamadou, takarda ta ce Muhammad. Lasin tuƙi ya ce Abubakar, takarda ta ce Garba. Mu mun san suna ɗaya ne, amma hukumar da za ta karɓi takardar ba ta sani ba. Abin da ya fi shi ne a mayar da takardar ga wanda ya tsara ta, a gyara sunan ya dace da kati.

Notari ba ya buga wa kansa hatimi, ba ya kuma bugawa a takardar da zai ci riba da ita. Filorida ta fito fili ta hana shi yi wa matarsa ko mijinta, da 'ya'ya, da iyaye. Inda ba a hana ba ma, barin ya fi.

9. Harshe, talla, da takardar da za ta tafi gida

Ga inda mai jin Hausa yake da amfanin da wani ba shi da shi. Yawancin jihohi suna so notari ya yi magana da mai sa hannu kai tsaye, ba ta bakin tafinta ba, domin ba shi da tabbacin abin da tafintan yake faɗa. Tsohuwar da ta zo wurin 'ya'yanta a yankin Bronx na birnin Niyok, ba ta jin komai sai Hausa, tana buƙatar notarin da zai tambaye ta da harshenta: Inna, kin san wace takarda ce wannan? Kin yarda? Haka nan mace mai rufe fuska ta fi sakewa idan notarin da zai gwada fuskarta da hoton kati mace ce. Wanda bai iya rubuta sunansa ba kuwa yana iya yin alama a madadin sa hannu. A Kalifoniya sai da shaidu 2.

Idan notari zai yi talla da wani harshe ban da Ingilishi, Hausa ne ko Faransanci, jihohi da dama, har da Kalifoniya da Filorida, sun wajabta ya rubuta a fili da harshen nan cewa shi ba lauya ba ne kuma ba ya ba da shawarar shari'a.

Takardar da za a aika wata ƙasa, kamar ta wakilta ɗan uwa ya sayar da fili a Kano, hatimin notari kaɗai bai cika isa ba. Sai hukumar jiha ta tabbatar da cewa notarin nata ne. A Niyok magatakardan gunduma ne yake fara tabbatarwa. Ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Hague ta 1961 takardar tabbaci ɗaya ta ishe su. Najeriya ba ta cikinsu, don haka takardar takan bi ta wasu ofisoshi har zuwa ofishin jakadanci. Mai takarda ya fara tambayar wanda zai karɓe ta a gida abin da yake so a gani a kanta.

Tambayoyin bita

1. Faɗi abubuwa uku da notari yake dubawa kafin ya buga hatimi. Wane abu ne ba ya tabbatarwa?
2. Ta yaya notarin Amurka ya bambanta da na Najeriya da na Nijar? Wace illa rashin sanin wannan yake jawowa?
3. Me Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1984 a ƙarar Efrem Bernal?
4. Naɗin wani a Kalifoniya ya fara ranar 20 ga Yuni. Wace rana ce ta ƙarshe da zai kai rantsuwa da lamuni?
5. Mutum 3 sun zo wa notarin Kalifoniya da takarda 2, kowa zai sa hannu a kowace. Nawa ne iyakar abin da zai karɓa? Nawa ne idan a Niyok ne?
6. Bayyana bambancin takardar lamuni da inshorar kuskure da kalmominka.
7. A wane aiki ne dole mutum ya sa hannu a gaban notari a lokacin: iƙirari ko rantsuwa?
8. Mai gidanka a wurin aiki ya ce ka bar masa hatiminka zai yi amfani da shi kafin ka dawo daga hutu. Me za ka ce masa?
9. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama yayar notari da ta kawo takardar da mijinta ya sa wa hannu kafin ya yi tafiya, ɗaya ya zama notari. Ku gwada yadda za a ƙi ba tare da an ɓata zumunci ba.
10. Zaɓi jiha ɗaya da ba a yi bayaninta a nan ba, ka nemo sharuɗɗanta a shafin hukumarta, ka kawo wa aji: shekarun naɗi, kwas, jarrabawa, lamuni, da iyakar kuɗin aiki.